Aikin Gayya da Ciyar da Ma'aikata a Lambunan Haɗin Gwiwa na Fadamun Nguru da Gashuwa

Gabatarwa

Duk manomin da ke da lambu a bakin kogin Yobe ko a gefen tafkin Nguru ya san akwai ayyukan da ƙarfin gida ɗaya ba ya iya gamawa a kan lokaci. Yashe hanyar ruwa, saran kacalla, ɗaura jinga, kewaye lambu da shinge da dashen albasa duk sukan taso ne a cikin 'yan makonni kaɗan, kuma wanda ya makara a ɗaya daga cikinsu zai ga sakamakon ranar girbi. Tun kaka da kakanni mutanen wannan yanki, Badawa da Mangawa da Hausawa da Fulani, suna maganin wannan matsala ta hanyar gayya, wato a kira jama'a su taru su yi aiki rana ɗaya, mai aikin kuma ya ciyar da su.

A yau al'adar tana fuskantar barazana ta fuskoki biyu. Ta fuskar farko aikin ya ƙaru, saboda yadda ruwan fadama ya sauya hali. Ta fuska ta biyu kuwa tsadar abinci ta sa ƙaramin manomi yana jin nauyin kiran gayya, alhali kuɗin ƙwadago ya fi ƙarfinsa. Manufar wannan bayani ita ce a nuna wa malaman gona da shugabannin ƙungiyoyin manoma yadda za a tsara gayya a lambun haɗin gwiwa: wane aiki, a wane lokaci, da wane irin abinci, kuma bisa waɗanne ƙa'idoji.

Yanayin yankin da abin da ya ƙara yawan aiki

Ruwan saman da ake samu a Nguru da Gashuwa kimanin milimita 500 ne a shekara, kuma akasarinsa yana sauka ne tsakanin watan Yuni da Satumba. Abin da ya raya noma a nan shi ne ambaliyar kogin Haɗeja da na Jama'are, waɗanda ke bazuwa cikin fadamu kafin su haɗu su zama kogin Yobe a kusa da Gashuwa. A da, ruwa yakan cika fadama da damina, ya janye da kaka, ƙasa ta bushe sarai da rani. Wannan cika da janyewa shi ke ba da damar shuka shinkafa, sannan wake da kayan lambu a kan laima, sannan kiwo.

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, ta Calawa kuma a 1992, dukkansu a jihar Kano. Daga nan ambaliyar damina ta ragu a ɓangaren kogin Haɗeja, amma ruwan da ake sakowa da rani ya sa wasu hanyoyin ruwa suka daina bushewa. Ciyawar kacalla ba ta son komai kamar ruwa marar zurfi wanda ke kwance shekara zagaye. Da ta samu haka sai ta yaɗu, ta rage gudun ruwa, laka da yashi suka riƙa taruwa a gindinta, har wasu hanyoyin suka toshe. Sakamakon haka ruwa mai yawa ya karkata ta mashigin Marma zuwa tafkin Nguru yana cinye gonaki, yayin da garuruwan da ke kan kogin Burum Gana suka riƙa fama da ƙarancinsa. Manoman Gashuwa kuwa sun fi dogara da ruwan kogin Jama'are, wanda ba a datse shi ba.

Hukumomi sun yi nasu ƙoƙari. Shirin raya yankin arewa maso gabas mai ƙarancin ruwa, wato NEAZDP, ya fara aiki a 1990 daga Garin Alkali kusa da Gashuwa. Shirin Fadama na Bankin Duniya, wanda aka fara a farkon shekarun 1990, ya yaɗa ƙananan injinan ban ruwa da rijiyoyin bututu, ya kuma ƙarfafa kafa ƙungiyoyin manoman fadama. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. A 2006 jihohin Bauchi, Borno, Jigawa, Kano, Filato da Yobe tare da Gwamnatin Tarayya suka amince a Damaturu da kafa asusun kula da waɗannan koguna. Sai dai injin yashe kogi, idan ya zo, manyan hanyoyi yake bi. Ƙaramar hanyar da ke kai ruwa bakin lambu tana nan a wuyan masu lambun, kuma kowace shekara sai an sake ta.

Lokutan gayya biyu a shekara

Lambun haɗin gwiwa yana buƙatar manyan gayyoyi a lokuta biyu. Na farko shi ne ƙarshen kaka, daga Oktoba zuwa farkon Disamba, lokacin da ruwa ke janyewa ana buɗe lambu. Na biyu shi ne bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ruwa ya yi ƙasa sosai, ana iya shiga a gyara hanyoyinsa kafin damina. Ya kamata ƙungiya ta zauna tun kafin kowane lokaci ya kama ta tsayar da ranaku, tana kauce wa ranar Juma'a da ranakun manyan kasuwannin yankin, domin ranar kasuwa rabin ma'aikata ba za su zo ba.

Gayyar buɗe lambu

Ayyukan wannan lokaci suna bin juna ne, kuma jinkirin ɗaya yana jawo jinkirin na gaba.

1. Gadon reno na haɗin gwiwa. A zaɓi wuri mai ɗan tudu wanda ambaliya ba ta kaiwa, kusa da ruwa. A yi gadaje masu faɗin mita 1, domin a iya cire ciyawa ba tare da an taka su ba. Kadada ɗaya ta albasa tana buƙatar iri kilo 3 zuwa 4, kadada ɗaya ta tumatir kuwa giram 200 zuwa 300. Reno ɗaya ga dukkan ƙungiya ya fi sauƙin tsaro da ban ruwa, kuma yana ba da damar sayen ingantaccen iri daga wuri ɗaya amintacce. A zuba irin albasa daga tsakiyar Satumba zuwa Oktoba.

2. Shinge. A kewaye lambu gaba ɗaya kafin a dasa komai. A yi amfani da ƙaya, karan dawa ko busasshiyar kacalla da aka saƙa. Kada a haɗa da burtali ko mashayar dabbobi a cikin shingen, domin yawancin rigingimun manoma da makiyaya a fadama daga nan suke farawa. Yana da kyau a gayyaci ardo ko wakilinsa ya ga inda shingen zai bi.

3. Share fili da zuba taki. A zuba ruɓaɓɓen takin dabbobi tan 5 zuwa 10 a kowace kadada, a cakuɗa shi da ƙasa mako biyu kafin dashe. Ɗanyen taki yana ƙona dashe, yana kuma kawo 'ya'yan ciyawa.

4. Fangali da hanyoyin ruwa. A daidaita kowane fangali yadda ruwa zai kwanta bai ɗaya. Fangalin da ya karkata yana sa gefe guda ya nutse, ɗaya gefen ya ƙishirta. A ƙasa mai yashi a rage girman fangali, domin ruwa ya kai ƙarshensa kafin ya tsotse. A kuma fitar da hanyar da rarar ruwa za ta bi ta fita, saboda inda ruwa ke kwanciya ya ƙafe a wuri ɗaya, gishiri da kanwa sukan taso su yi fari a saman ƙasa.

5. Dashe. Albasa takan isa dashe mako 6 zuwa 8 bayan zuba iri, lokacin da ta kai kaurin fensir. A ba ta tazarar santimita 15 tsakanin layuka da santimita 10 tsakanin tsirrai. Tumatir yakan isa dashe a mako 4 zuwa 5, tazararsa santimita 60 da 45. A yi dashe da yamma, a ba da ruwa nan take. A nan ne amfanin gayya ya fi fitowa: filin da aka dasa a rana ɗaya ko biyu yana girma tare, ya karɓi taki tare, ya nuna tare. Wanda gida ɗaya ya ɗauki mako biyu yana dasawa kuwa, ƙarshen dashen yakan tsufa a reno, kuma albasar da ta makara takan haɗu da zafin Maris tun ba ta gama yin kai ba.

Masu shuka alkama su tuna cewa lokacinta daga tsakiyar Nuwamba ne zuwa tsakiyar Disamba, domin ta samu sanyin hunturu. Kada a bari gayyar dashen albasa ta ci wannan lokaci.

Gayyar bazara: saran kacalla da gyaran hanyar ruwa

Kacalla tana yaɗuwa ta hanyoyi biyu: ta saiwar da ke tafiya a ƙarƙashin laka, da kuma ta iri, wanda kai ɗaya kan ɗauki fiye da ƙwara 100,000 da iska ke kwasa. Ganyenta da karanta suna da ƙananan kafofi a ciki waɗanda ke kai iska zuwa saiwa. Wannan shi ne sirrin yaƙi da ita. Idan aka sare ta a saman ruwa, ko aka ƙone ta kawai, saiwar tana ci gaba da samun iska, sai ta sake tohowa cikin 'yan kwanaki. Idan kuwa aka sare ta a ƙarƙashin ruwa, ruwan ya rufe kututturen, saiwar takan shaƙe ta raunana.

Saboda haka a bi waɗannan matakai:

1. A sare ta aƙalla santimita 15 zuwa 20 ƙasa da fuskar ruwa, a inda ake da tabbacin ruwan zai ci gaba da rufe kututturen.
2. A yi saran kafin kanta ya nuna ya fara fashewa.
3. A maimaita sau biyu ko uku a shekara. Sara ɗaya ba ya kashe ta. Saran da aka yi gab da ƙaruwar ruwan damina yana da amfani ƙwarai, domin ambaliya za ta nutsar da abin da ya rage.
4. Inda ƙasa ta bushe, a tone saiwar da fartanya ko garma, a baza ta a rana ta bushe.
5. A kwashe duk abin da aka sare da lakar da aka yaso a kai su nesa da gaɓa. Abin da aka tara a bakin ruwa ambaliyar farko za ta mayar da shi ciki.
6. A fara yashe hanya daga ƙarshenta na ƙasa ana haurowa, domin ruwa ya riƙa samun mafita yayin da ake aiki.

Hanyar ruwa ba ta san iyakar gari ba. Idan gari ɗaya ya gyara nasa ɓangaren, na gaba da shi bai gyara ba, ruwan zai tsaya ya koma kan gonakin wanda ya yi aikin. Don haka wajibi ne bulamomi da lawanai na garuruwan da ke kan hanya ɗaya su tsayar da rana tare. A kuma sa masunta cikin shawara, musamman masu kafa dumba a tsakiyar ruwa, domin a san inda za a bar wa ruwa hanya. Manoman gero da dawa da shinkafa su ma suna da riba a wannan aiki, tun da cikin kacalla ne tsuntsayen jan baki ke kwana suna hayayyafa.

Kacallar da aka sare ba shara ba ce. Wadda ba ta yi kai ba za a iya shimfiɗa ta a gindin tumatir da tattasai don tsare laima, ko a jera ta da kashin dabbobi a rami ana yayyafa ruwa ta zama taki cikin wata biyu zuwa uku. A ƙasashen Senegal da Muritaniya, inda madatsar Diama da aka gama a 1986 ta haifar da irin wannan matsala, ana sarrafa ta a yi gawayin girki. A nan gida ma, masu bincike a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da abokan aikinsu sun gwada sarrafa ɗanyarta ta zama abincin dabbobi da iskar gas ta girki.

A wannan gayya ce kuma ake toshe ɓarakar jinga. Ambaliyar 2022, wadda ta yi ɓarna mai yawa a Jigawa da Yobe, ta nuna cewa jingar da ba a duba ta da rani ba ita ke fara karyewa. A bi ta da ƙafa daga farko har ƙarshe, a cike ramukan gafiya da na ɓeraye, a daddaɓe ƙasar tana da ɗan danshi.

Abincin gayya

Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Abincin gayya yana da ayyuka uku. Shi ke mayar wa jiki ƙarfin da ya fita, shi ne godiyar mai aiki ga waɗanda suka amsa kiransa, kuma a kan akushi ne ake yin shawarwarin da taro a ofis ba ya kawowa: wa zai fara shan ruwa, injin wa ya lalace, wane iri ne ya yi kyau bara.

Yawan abinci. Namiji baligi mai aikin ƙarfi yini guda yana buƙatar kalori 3,000 zuwa 3,500. A babban abincin rana a ƙiyasta wa kowane mutum hatsi giram 250 zuwa 300. Tiya ɗaya, wadda ta kai kimanin kilo 2 da rabi, za ta ishi mutum 8 zuwa 10. Ke nan gayyar mutum 30 tana buƙatar tiya 3 zuwa 4 ta gero, dawa ko shinkafa, ban da na kunu da fura. A ƙirga masu girki da yaran da ke ɗauko ruwa a cikin lissafin.

Irin abinci. Da safe kafin a fara a ba da kunun tsamiya ko koko da ƙosai. Da hantsi a kawo fura da nono, wadda ke kashe ƙishi ta kuma riƙe ciki. Bayan an tashi a ci tuwo, burabusko ko shinkafa da wake, da miyar kuka, kuɓewa ko yakuwa. Ba sai an yi yanka ba. Busasshen kifi, wanda yankin nan ya shahara da shi, da wake da daddawa sun isa su gina jiki. Ganyen zogale da alayyafo na lambun su shiga miya.

Ruwan sha. Da bazara zafin Nguru da Gashuwa yakan haura digiri 40. Mai aikin ƙarfi a irin wannan zafi yana buƙatar kofi ɗaya na ruwa, wato kwatan lita, duk bayan minti 15 zuwa 20, ko da bai ji ƙishi ba. Binciken da aka yi a kan masu saran rake a ƙasashen Nikaraguwa da Salbado ya nuna cewa yawan aiki cikin zafi ba tare da isasshen ruwa da hutu ba yana yi wa ƙoda lahani. Yankin Gashuwa kuwa an san shi da yawan masu fama da ciwon ƙoda, don haka wannan gargaɗi ya shafe mu kai tsaye. A kawo ruwan daga famfo ko rijiyar burtsatse a cikin randa ko jarka mai murfi, a ajiye a inuwa. Kada a sha ruwan fadamar da ake aiki a cikinta. A yi rumfa tun jajibiri idan babu bishiya.

Tsafta. A tanadi buta da sabulu ko toka, kowa ya wanke hannu kafin a zauna. Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye cikin zafi. A rufe shi saboda ƙuda, a wanke tumatir da latas da ruwa mai tsafta. Tukunya ɗaya da ta gurɓace tana iya kwantar da dukkan majiya ƙarfin gari a mako guda, a daidai lokacin da aka fi buƙatarsu.

Maganin feshi. Kada a yi feshi ranar gayya. Kada a taɓa zuba ruwa, kunu ko mai a cikin mazubin da maganin ƙwari ya taɓa zama, komai wankin da aka yi masa. Kada a tsinko kayan miya daga fangalin da aka fesa sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar sun cika. Tun bayan ɓarnar tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon a 2016, yawan feshi ya ƙaru a lambuna, saboda haka a ninka kulawa.

Idan gayya ta faɗo cikin watan azumi, a fara aiki bayan sallar asuba a tashi da hantsi, a mayar da ciyarwar lokacin buɗa baki. Manyan ayyukan cikin rana a ɗage su.

Ƙa'idojin da ke sa gayya ta ɗore

Abin da ya fi kashe gayya shi ne gasar abinci da rashin adalci. Idan wane ya yanka rago, na biye da shi ya ji kunyar kawo tuwo da miyar kuka, to a hankali gayya za ta zama ta masu hali kaɗai, su kuwa suna iya biyan 'yan ƙwadago. Ƙungiya za ta iya kare kanta da waɗannan ƙa'idoji:

1. A bambanta aikin kowa da kowa, kamar shinge, jinga, reno da babbar hanyar ruwa, da aikin fangalin mutum ɗaya. Abincin aikin kowa da kowa daga asusun ƙungiya zai fito.
2. A tara hatsin asusun da kaka, lokacin da yake da araha. Kowane ɗan ƙungiya ya kawo gwargwadon yawan fangalinsa.
3. A tsayar da abinci iri ɗaya ga kowace gayya. Mai son ƙari ya zuba a asusu.
4. A fitar da jerin waɗanda za a yi wa aiki ta hanyar ƙuri'a, a juya shi kowace shekara, domin wanda aka yi wa dashe a ƙarshe bana ya zama na farko baɗi. Sai dai wanda renonsa ya riga ya isa dashe a ba shi gaba.
5. A rubuta sunayen waɗanda suka zo a littafi. Wanda bai zo ba ba tare da uzuri ba ya aiko wakili ko ya biya tarar da aka amince da ita tun farko.
6. A lissafa girki, daka, ɗebo ruwa da itace a matsayin ranar aiki cikakkiya. Matan da suka yi su suna da haƙƙin a yi musu aiki a nasu fangalin, kuma a ba su kujera a kwamitin ƙungiya.
7. A yi wa marasa lafiya, tsofaffi da matan da mazansu suka rasu aiki ba tare da an nemi abinci daga gare su ba.
8. A bayyana kuɗin shiga da na fita a gaban kowa bayan kowace gayya, tun ba a watse ba.

Haka nan a tsara rabon ruwa a rubuce. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin tayar da injin ban ruwa ya zama babban nauyi, kuma hanyar ruwa mai ciyawa ko mai yoyo mai take ci. Ƙungiyar da ta iya riƙe asusun hatsi cikin amana ita ce za ta iya tara kuɗin injin mai aiki da hasken rana.

Wannan al'ada ba tamu kaɗai ba ce. A Sudan ana kiranta nafir, kuma can ma mai gona ne ke ciyarwa. A Ruwanda an mayar da aikin gayya na umuganda abin yi a Asabar ta ƙarshen kowane wata. Darasin da ke ciki shi ne tsayayyar rana da sanannen tsari su ke riƙe aikin jama'a.

Kare lafiyar masu shiga ruwa

Ruwan da ke kwance cikin ciyawa shi ne mazaunin ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da cutar tsargiya. Ƙwayoyin cutar suna shiga ta fatar mutum, kuma sun fi yawa a cikin ruwa da tsakar rana. Don haka a shiga ruwa da sassafe, a fito kafin rana ta take. A sa dogon takalmin roba inda hali ya yi, a goge jiki sosai da zarar an fito, sannan a yi wanka da ruwa mai tsafta da sabulu. Kada a yi fitsari ko bayan gida a cikin ruwa ko a bakinsa, domin ta haka cutar ke komawa. Kada a sa yara aikin cikin ruwa. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je asibiti, akwai magani.

A bar tazarar aƙalla mita 2 tsakanin masu riƙe da lauje ko adda. A tanadi sabulu, bandeji da abin hawa ɗaya a kusa saboda sara ko saran maciji. Wanda ya ji jiri, ciwon kai ko murɗawar nama a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a cikin lita 1 ta ruwa. Idan ya fara ruɗewa ko ya suma, a garzaya da shi asibiti ana ci gaba da jiƙa shi.

Aikin malamin gona

Ranar gayya ita ce rana mafi sauƙi da malamin gona zai samu manoma 30 ko 40 a wuri ɗaya, da kayan aiki a hannunsu. Ya isa da wuri, ya zo da igiya mai ƙulli a kan tazarar da ake so, ya dasa fangali ɗaya da hannunsa kowa yana gani. Ya ware fangali biyu kusa da juna don gwaji, misali ɗaya da shimfiɗar kacalla ɗaya babu, domin manoma su yanke hukunci da idonsu. Bayaninsa ya zama gajere, a lokacin cin abinci, kuma a kan batu ɗaya. Ya zauna ya ci abin da kowa ke ci, kada ya yarda a yi masa girki na dabam. Ya bar shugabancin aikin a hannun sarkin noma da dattawan ƙungiya. Ya guji alkawarin taki ko inji wanda ba ya hannunsa, kuma ya guji shigo da biyan kuɗi cikin aikin da jama'a suka saba yi don kansu, domin ranar da kuɗin ya yanke aikin ma zai tsaya. Daga ƙarshe ya rubuta tsawon hanyar da aka yashe, yawan waɗanda suka zo da abincin da aka ci, saboda lissafin baɗi ya tsaya a kan abin da aka auna.

Kammalawa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar da ke son cin moriyar noman rani ta zauna tun da kaka ta tsayar da ranakun gayyarta biyu, ta tara hatsin ciyarwa yana da araha, ta tuntuɓi garuruwan da suke shan ruwa ɗaya da ita, ta kuma tanadi ruwan sha da inuwa kafin a ɗaga lauje. Manoman da ke buƙatar ƙarin bayani kan iri, taki ko maganin ƙwari su tuntuɓi malamin gona na yankinsu ko ofishin shirin bunƙasa aikin gona na jihar Yobe mafi kusa da su.